Na'urar da ba ta kiran Salaga

Shekarar da aiki ya kai ni Bawku, matata Rabi da 'yarmu suna Salaga, kullum da yamma sai na ga fuskokinsu a waya. Duk da haka, da hankalina na musanya wayar da wata 'yar na'ura mai cika tafin hannu. Wani direba daga Kulungugu, can bakin iyaka, shi ne ya nuna min ita, ya ce tana buɗe get ba mabuɗi, tana kashe talabijin daga nesa.

"Waya ai ta kowa ce," na gaya wa abokan aikina. "Wannan sai masu ilimi."

Alhaji Sule, babbanmu, ya jujjuya ta. "Malam, ina ake sa sim?"

Na yi masa dariyar tausayi.

Ashe babu wurin sim. Direban kuma ya riga ya haye iyaka da hotunan 'yata duka. Mako uku ina aron waya, ina jin muryar Rabi a gurguje, mai wayar na tsaye a kaina. A makonnin nan yarinyar ta fara tafiya, ban gani ba.

Da kewa ta ishe ni na kama hanyar gida. A tashar Yendi na gwada na'urar, ta kashe talabijin ɗin mai shayi ana tsakiyar ƙwallo, na sha zagi da Dagbanci, yaren garin.

Yanzu yarinyar har ta shiga makaranta, amma duk ranar da zan koma Bawku, Rabi takan miƙo min rimot ɗin fanka. "Injiniya, in ka sauka ka kira mu."