Rumbun Baba Ado a kan allo

Shekarar da na dawo daga bita a Faskari, lokacin ana kai magariba a gona ba fargaba, gani nake babu malamin lissafi kamata a Ruwan Godiya. An koya mana zana adadi da sanda a allo: mai yawa doguwa, kaɗan gajeruwa.

Don yara su gane, na ajiye sunayen littafi na ɗauko maƙwabtan makaranta. Na ƙaga cewa Baba Ado ya samu damin dawa sittin, Alhaji Sale ashirin. Na ja wa Baba doguwa har bakin allo, Alhaji 'yar guntuwa. Yara suka gane tsaf, suka kai labari gida.

Washegari ga dattijan biyu a ƙofar aji. Alhaji ya ce, "Malam, yaushe ka leƙa rumbuna? Har surukaina sun aiko jaje."

Baba Ado ya ce, "Ni tun safe dangi ke mani sallama da buhu. Wa ke faɗin abin da ya noma?"

Har yau in kaka ta yi, ɗalibaina na da, da gemunsu, sukan tare ni a kasuwa: "Malam, bana a ja mani gajeruwa, dangi sun yi yawa."