Ranar da Na Je Ɗinke Auren Turawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a ƙasar Kanada ba, ko da kuwa tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina kaf.

Duk wanda ya san Tudun Wadan Zariya ya san ni da abu ɗaya: ɗinke aure. Ban shiga aji ba, ko sunana aka rubuta ban gane shi, amma in mace ta yi yaji, ko miji ya rantse ya kumbura, ƙofata ake bugawa. Har daga Hanwa an taɓa aiko mini keke don in je in zaunar da wasu ma'aikata biyu masu digiri, kuma yau 'ya'yansu huɗu. Ina faɗin wannan ne don ku san tsawon bishiyar da na faɗo daga kanta.

Autanmu ne ke aiki a can Kanada. Da gwiwar maigidana Malam ta matsa masa, sai yaron ya ce mu zo a duba shi, mu kuma zauna mu huta. Muka sauka a lokacin da suke kira zafi (zafin da ko man shanu ba zai narkar ba, amma su har fifita suke yi). Auta da matarsa su fita tun safe, sai yamma. Gida ya rage daga ni sai Malam, kamar amarya da ango, sai dai angon na dogara sanda.

Zaman ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Rana ba ta san ta faɗi ba, ka ci tuwon dare tana kallonka. Da hantsi mu fitar da kujeru bayan gida, Malam na jan carbi, ni ina yanka kuɓewa ina shanyawa a faranti. Ko'ina ƙarar injin yanke ciyawa da ƙanshin gasasshen nama, don maza ne ke gashi a tsakar gida, matan na miƙe a kujera. Likita ya ce Malam ya riƙa tattaki, sai muka riƙa zagaya unguwa kafaɗa da kafaɗa, abin da ko a mafarki ba mu taɓa yi a Zariya ba. Har kwano na ga Malam ya wanke da hannunsa. (In kun haɗu da shi a masallaci kada ku ce na faɗa.)

Maƙwabtanmu wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji. Sunayensu sun ƙi zama a harshena, sai na raɗa wa matar suna Ladi, don ranar Lahadi na fara ganinta, mijin kuwa Dogo. Ladi mutuniyar kirki ce. Ta kan miƙo mini tumatir ta saman shinge, ni kuma ba na mayar da kwanonta wayam, sai na zuba ƙosai. Turancina duka guda uku ne: sori, no, da tankiyu. Da su muka yi zumunci, kuma sun ishe mu.

To, ranar Asabar ɗin nan na ɗaga labule, sai me zan gani? Kayan Ladi ne zube a kan ciyawar ƙofar gida. Tukwane, tangaran, fitilu, labule a ninke, madubi, har da keken ɗinki. Dogo na ta shiga yana fitowa da wasu, fuska ba fara'a, gumi na zuba. Ita kuwa baiwar Allah tana zaune a 'yar kujera ta rufe ido da baƙin tabarau.

Ku gaya mini, a garinmu in aka ga kayan ɗakin mace a waje, miji na fitarwa da hannunsa, me ya faru?

Na ce, "Malam, taso ka gani. Dogo ya saki Ladi."

Malam ya leƙa ta saman gilashinsa. Shi ya yi aikin akawu a Kongo, nan jami'ar Zariya, har ya yi ritaya, yana jin Turanci, kuma ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya ce, "Hajiya, anya? Ki bari yaron nan ya dawo mu tambaye shi."

"Kafin ya dawo an loda kaya a mota. Ba ka ga tabarau ba? Kuka ta sha, take ɓoye idon."

"Rana ake yi, Hajiya."

"Wannan ce rana? Malam, kai takarda ka sani, ni aure na sani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

Ya ce, "Na girme ki fa."

Na ce, "A shekaru."

Ya girgiza kai ya shiga alwala. Ni kuwa na ɗauko mayafina na zuwa biki, na zuba dabino a faranti tunda goro ya ƙare, na yi bisimilla na fita.

Kafin in tsallaka, mutane sun fara taruwa. Motoci na tsayawa, ana fitowa, kowa ya ɗauki abu ya juya shi ya duba gindinsa. Na lura kowane kaya an manna masa 'yar takarda. Na ce a raina, wato har an yi rabo, an rubuta nata da nasa. Su kuma waɗannan dangin miji ne, ba mai cewa a yi haƙuri, kowa na duba abin da zai wawura. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na isa wurin Ladi, na dire faranti, na kama hannayenta biyu. "Sori. Sori, Ladi, sori."

Ta yi murmushi tana wata magana. Na san irin wannan murmushin, na gan shi a fuskar mata da yawa, ya fi kuka ciwo. Na dafa kafaɗarta na ce mata da Hausa, "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Indai ina numfashi, yau a ɗakinki za ki kwana."

Ina juyawa sai ga wata mata mai gajeren wando ta rungumi butar shayin Ladi, wata shuɗiya mai zanen furanni, za ta mota da ita. Na sha gabanta. "No!" Na karɓe butar. Ta buɗe baki, na ƙara mata, "No!" Na wuce kai tsaye cikin gidan Ladi na ajiye buta a kan tebur. Na dawo na kwashi tangaran na mayar. Na dawo na ɗauki madubi. Ni da ke cewa bayana na ciwo, ranar har keken ɗinki na ja zuwa bakin ƙofa. Kowa ya tsaya yana kallona, ni kuwa na ɗauka kwarjini ne.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Dogo, ya rungumo wani kwali. Na baza hannuwa na tare hanya. Nan fa na buɗe masa wa'azin da ya gina mini suna a Tudun Wada, da Hausa tsantsa, ina nuna furfurarsa da yatsa.

"Haba Dogo! Da girmanka? Matar da ta ci ƙuruciyarta a gidanka, yanzu da ƙafa ta yi nauyi za ka watsa mata kaya a titi? Wa zai dafa maka ruwan zafi? Waɗannan da ke tsaye, wallahi ko ɗaya ba zai zo jinyarka ba. Ka ji tsoron Allah, ka mayar da kwalin nan!"

Dogo ya ce, "Sori?"

Na ce, "Yauwa! Ba ni za ka ce wa sori ba, ga wadda za ka ce wa can." Na kama hannun rigarsa na ja shi har gaban Ladi. A raina ina cewa, ko a Hanwa ban yi saurin gamawa haka ba.

Sai ga Malam yana ɗingisowa, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya yi magana da Dogo, Dogo ya amsa yana nuna 'yan takardun nan. Malam ya sake magana, a hankali, yana nuna ni, ya haɗa yatsu biyu ya raba su. Dogo ya dubi Ladi. Ladi ta cire tabarau (idon nan garau, ko ɗigon hawaye babu). Sai Dogo ya ajiye kwali, ya zauna daɓas a kan ciyawa, ya riƙe ciki. Dariya har da buga ƙasa.

Malam ya matso kusa da kunnena, da muryar da yake yi wa mutum ta'aziyya, ya ce, "Hajiya, kasuwa suke ci."

"Wace irin kasuwa?"

"Al'adarsu ce in zafi ya zo. Kayan da ba ka so sai ka baza a ƙofar gida, masu wucewa su saya. Takardun nan kuɗin kaya ne. Wata mota suke so su saya mai gado a ciki, su tafi yawon bakin teku su biyu." Ya ƙara da cewa, "Waccan mai gajeren wandon kuma ta riga ta biya kuɗin butar."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Kanada ta ƙi. Mayafin bikin nan ya yi mini nauyi kamar bargo jiƙaƙƙe. Turancina uku suka gudu suka bar ni, na ma rasa wanne ya dace, sai na ji bakina ya ce wa taron, "Tankiyu."

Abin da ya fi ciwo, kayan da na shigar, ni na fito da su. Ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa, Malam na tsaye da sandarsa yana cewa, "A hankali da madubin, Hajiya."

Amma ga abin da ban zata ba. Da Malam ya gama fassara wa Ladi wa'azina (na roƙe shi kada ya yi, ya ce amana ce), sai ta daina dariya. Ta tashi ta rungume ni, kuma a wannan karon hawayen gaske ne. Ta ce tunda take, ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi faɗa dominta haka. Dogo ya ce a gaya mini ya ji, ba zai sake ta ba, tunda yanzu ya san akwai hukuma a maƙwabta. Mai gajeren wando ma ta ce ta bar mini butar, na fi ta sonta. Muka zauna a ciyawa aka cinye dabinon sulhun da ba a yi faɗa ba.

Sauran kwanakin zafin nan ban huta ba. Kullum da hantsi in Malam ya ɗauki kujerarsa zai fitar bayan gida, sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hajiya, kujera kawai na fitar. Aurenmu na nan."

Butar tana cikin kabad ɗina a Tudun Wada yanzu, a sama, inda nake ganinta daga inda nake zama. Har gobe ana buga mini ƙofa, kuma har gobe ina ɗinke aure, don ba a fasa sana'a saboda tuntuɓe ɗaya. Sai dai yanzu in an zo da gudu an ce, "Inna, ga kayan wance can a waje," ba na neman mayafi tukuna. Sai in dubi butar nan, in gyara zama, in ce, "Je ki tambayo. Sakinta aka yi, ko sayarwa take?"