Tunau da Babban Inji

A bayan tashar garin akwai wani bakanike, Malam Sallau, wanda ƙarfe ya cinye wa ƙuruciya da ƙugu. Shi da matarsa Kande ne a gida, sai ƙaninta Tunau, ƙaton mutum da gemunsa, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Kande ce ta roƙi a riƙa tafiya da shi gareji, Sallau ya rasa bakin musu.

Wata rana Alhaji Barmo ya sa aka jawo tsohuwar motar mahaifinsa, ja mai kujera biyu, marar rufi. Ya ce a cire ɗan injinta a dasa mata na a-kori-kura. Sallau ya ce jikinta ba zai ɗauka ba, Alhaji ya ce ba shawara ya zo nema ba. Da Sallau zai tafi masallaci, ya ce wa Tunau ya sa ido a kan sabon injin. Ya dawo ya tarar da shi durƙushe, ya manna fuska a jikin ƙarfen, ido ya yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga akuya a bayansa tana cin soson kujera.

"Yaya, ko ƙiftawa ban yi ba," in ji Tunau.

Wata rana kuma Alhaji ya zo yana alfahari wai injin nan yana da ƙarfin dawaki fiye da ɗari. Washegari Sallau ya buɗe bonet ya ga an danƙare shi da harawa. Tunau ya ce tun zuwan dawakin bai ga wanda ya ba su ko ciyawa ba. Sallau ya wuni yana tsintar ganyen wake daga cikin wayoyi, ko faɗan ma ya gaji da shi.

Wata rana injin ya zauna a motar da ƙyar, har ya tashi. Sallau na kwance ƙarƙashin mota ya ce, "Ba ta wuta." Ya ji shiru, can sai ƙauri. Tunau ya roƙo garwashi wajen mai ƙosai, ya juye a kan ɗaya kujerar da akuya ta bari.

Ranar gwaji Alhaji ya ce shi zai tuƙa da kansa. Sallau ya miƙa wa Tunau sifana ya ce ya ɗaure ƙafafun baya da kyau. Tunau ya ajiye sifana, ya samo sarƙa, ya ɗaure su a gindin dalbejiya kamar jaki. Ba wanda ya lura. Alhaji na taka totur, totur ya maƙale, birki ya ƙi ci. Motar ta zabura ta nufi bakin titi inda mata ke sayar da fura. Sarƙa ta miƙe, ƙafafun baya suka tsaya wurin bishiya, motar ta zube a kan cikinta dab da ƙwaryar farko.

Alhaji ya fito yana salati, hula a hannu. Da numfashinsa ya dawo, ya ce a mayar mata da ƙaramin injinta.

Sallau ya dubi aikin da zai sake daga farko, ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Tunau, kawo mini ruwa." Tunau ya juya zai tafi, Sallau ya ƙara da cewa, "A kofi. Sha zan yi."