Reshen Darbejiyar Baba Sule

Ba zan taɓa mantawa da darbejiyar Baba Sule ba, ko da kuwa mutanen Tudun Kaya sun manta (ba su manta ba). Farkon shekarun casa'in ne, ina sabon malamin firamare, gidana na bakin hanyar Rogo. Baba Sule dattijon tela ne, katanga ɗaya ta raba mu. Reshen darbejiyarsa ya tsallako ya yi wa makewayina rumfa. Kullum ganye, ga 'ya'ya, ga kashin tsuntsaye a bokitin wankana.

Na same shi a kan keken ɗinkinsa, muka gaisa, na ce a sare.

"Malam, ka bar reshen nan," in ji shi. "Yana yi maka aiki."

"Aikin shara yake ba ni, Baba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na katse shi. Na kai ƙara wurin mai unguwa, na yi jawabi mai tsawo a kan haƙƙin maƙwabtaka (har da hannu a ƙugu). Mai unguwa ya ce gaskiya tawa ce. Baba Sule da kansa ya kira mai gatari.

Ranar kasuwa da hantsi na shiga wanka, sama fes, ina ta waƙa. Na cika kaina da sabulu ke nan sai na ji rurin babbar mota, ta rage gudu saboda ramin ƙofar gidana. Na buɗe ido ɗaya. Mutane ne maƙil a saman buhunan masara, sun fi katangata tsawo nesa ba kusa ba, duk suna kallona. A gaba-gaba ga yayan matata.

Wani mai ladabi ya ce, "Malam, barka da wanka."

Wallahi amsawa na yi. "Barka kadai," na ce, na durƙusa bayan bokitin da bai ɓoye ko gwiwata ba.

Da yamma Baba Sule ya aiko mini da zana biyu, bai haɗa da ko kalma ɗaya ba. Na karɓa, na rufe makewayin, amma ban ba shi haƙuri ba. Haƙurin me? Reshen a gidana yake, mai unguwa shaida ne, kuma ko gobe zan maimaita.

Sai dai yanzu in dattijo ya ce in bar abu, nakan bari ya kai ƙarshen maganarsa, sannan in ƙi.