Garin Da Na Rantse Babu Shi

Ba zan taɓa mantawa da wata La'asar ta ranar Laraba ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. A shekarar da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula ne. Lokacin ina sabon malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma a ganina duk faɗin unguwar babu wanda ya kai ni sanin duniya. Ban taɓa wuce Kaduna ba, amma wannan bai dame ni ba. Ina da wani ƙaton littafin taswira mai shuɗin bango, kuma na yi imani duk abin da babu shi a ciki to babu shi a doron ƙasa.

Gardama kuwa, Allah ya ba ni ita babu awo. Idan ka ce mini yau akwai zafi, sai na gaya maka garin da ya fi mu zafi da dalilinsa. Abokaina suna ce mini Sarkin Gardama (ni kuwa a wautata na ɗauka yabo ne).

A lokacin ina neman auren Saudatu, wata ɗalibar aikin jinya da ke Tarauni. Ina son yarinyar nan kamar raina, ba sai na ɓoye ba. Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce maganar ba a hannunsa take ba, tana hannun yayansa, Alhaji Garba, shi ne mai ba da auren duk 'ya'yan gidan. Ya ce Alhaji zai yi bincike a kaina, idan ya gama za a kira ni. Saudatu ta ja mini kunne, ta ce Baba Alhaji idan ya ce a'a, to an rufe littafi, kuma ya taɓa mayar da wani ɗan babban gida saboda kawai ya ga yadda ya yi wa mai gadi magana.

Daga ranar na zama mutumin kirki na ƙarfi da yaji. Sahun gaba a masallaci ya zama nawa, har ladan ya fara kallona da mamaki. Ina gai da kowa, har da waɗanda na girma. Duk babbar motar da ta tsaya a layinmu sai in gyara hula in sunkuyar da kai, don na ƙudurta a raina cewa mai binciken nan da mota zai zo, da babbar riga tana ƙamshin turare.

Majalisarmu a ƙofar shagon abokina Habu tela take. Nan muke zama bayan La'asar, kuma a shekarar nan hira ɗaya ce, siyasa. Kowa ya zama masani, kowa ya san wanda za a ba kwamishina. To, a makon nan sai wani dattijo ya fara zuwa shagon. Siriri ne, da farin gemu ɗan kaɗan, da keke mai kwando a gaba. Ran Litinin ya kawo wata tsohuwar riga a gyara masa wuya, ran Talata ya dawo wai aljihu ma yana son gyara. Sai ya zauna a ƙarshen benci yana jan carbi. Ban ma ba shi muhimmanci ba, tunda ba a mota ya zo ba.

Ran Laraba wani ya ce ai ƙuri'a ba ta canja komai. Sai dattijon nan ya yi gyaran murya, karo na farko da muka ji bakinsa a hira.

"Kada ku raina ƙuri'a, samari," in ji shi. "Ni da idona na ga ƙuri'ar da ta ɗauki gari sukutum ta kai shi wata ƙasa. Ina zaune a Biktoriya aka yi ta."

Kunnena ya miƙe. Wallahi kamar an shirya, a makon nan na koyar da 'yan ajina darasi a kan wuraren da ke amsa wannan suna, sunan wata tsohuwar sarauniyar Ingila da Turawa suka bi duniya suna liƙa wa duk abin da suka gani. Abin yana nan ɗanye a kaina, yana neman hanyar fita.

Na ce, "Baba, Legas kake nufi ke nan, unguwar masu kuɗin nan."

"A'a, ba Ikko ba. Gari ne a bakin teku, yanzu yana cikin Kamaru. Da na je ina saurayi babu mai tambayarka takarda, don haɗe muke da su. Kayan koli nake sayar wa ma'aikatan gonakin ayaba. Yashin bakin ruwan baƙi ne wuluk, ga wani dutse a bayan gari, kansa cikin gajimare. Ruwan sama sai ya kwana bakwai bai ɗauke ba."

Mutane suka gyara zama, ana "ikon Allah". Wannan shi ya ƙona mini rai. Ni ne ake yi wa "ikon Allah" a majalisar nan, yau ga mai keke ya zo zai ƙwace mini jama'a.

Na ɗaga yatsu na fara lissafi kamar ina gaban allo. Na ce akwai tafki mai wannan suna a gabashin Afirka, akwai wurin da kogi ke zubowa daga kan dutse can kudu, akwai jiha guda a Ostareliya, akwai birni a Kanada, akwai mashigin teku da jirage ke tsayawa a Hon Kon, akwai babban birnin wasu tsibirai a tekun Indiya, sai kuma ta Legas. "Bakwai ke nan, Baba. Wacce ce taka a ciki? Don Kamaru dai babu."

"To, ɗana," in ji shi, "tawa ta takwas ce ke nan."

Aka yi dariya, kuma ni aka yi wa. Habu ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin keken ɗinki, ya ce a hankali, "Kai, dattijo ne fa." Ina! Ai kaina ya riga ya ɗau zafi. Na ce kowa ya tsaya a inda yake. Na tashi na nufi gida, kuma ba tafiya na yi ba, gudu na yi (mutum da gemunsa, malamin makaranta, yana gudu a layi don ya ƙaryata sa'an kakansa). Na dawo ina haki da littafin a hammata.

Na shimfiɗa shi a kan teburin yankan yadi, na buɗe shafin Kamaru, na bi bakin teku da yatsa ina karantawa da ƙarfi. "Ga Duwala. Ga Tiko. Ga Limbe." Na danna yatsana a kan Limben nan sosai, na ɗago kai. "Ina Biktoriya? Wallahi babu garin nan, Baba. Wataƙila a mafarki ka je, ko kuma shekaru ne suka fara aikinsu."

Majalisa ta yi tsit. Ni kuwa na ɗauka tsit ɗin nasara ne. Dattijon ya leƙo ya dubi inda yatsana yake, ya daɗe yana kallo, ya yi wani ɗan murmushi. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai na tare shi da bayanin yadda ake zana taswira da jirgin sama. Ya bari na gama tsaf, ya karɓi rigarsa, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Malam," ya hau kekensa ya tafi. Har da cewa na yi "amin".

Ran Juma'a saƙo ya zo cewa Alhaji Garba yana son ganina ran Asabar da hantsi. Na sha shadda, na ari hular ƙanen babana, Habu ya goya ni a babur ɗinsa har Tarauni. Duk hanya ina bitar yadda zan durƙusa da yadda zan yi magana ƙasa-ƙasa kamar wanda bai taɓa musu da kowa ba.

A zaure na fara ganin keken. Mai kwando a gaba. Na ce wa zuciyata keke ai keke ne, Kano cike take da su. Habu ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Innalillahi." Aka yi mana iso. Muka shiga falo, ga shi nan zaune a kan darduma, sanye da rigar da Habu ya gyara wa wuya.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Gumi ya karyo mini har cikin hular aro. Na so in ce "barka da hantsi", abin da ya fito shi ne "barka da Baba". Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne mai kyau, ko motsi bai yi ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne, na rasa Saudatu, kuma da bakina da ƙafafuna na rasa ta.

"A'a, Malam ne? Sannu da zuwa," in ji Alhaji, fuskarsa a sake. "Yau ba ka zo da littafin ba?"

Sai labule ya motsa, wata dattijuwa ta shigo da tire. Matarsa ce, Hajiya Babba. Ta ajiye soyayyar ayaba da gasasshen kifi a gabanmu, ta ja da baya ta ƙare mini kallo daga hula har yatsun ƙafa.

"Alhaji, wannan ne yaron da ya rantse babu garin da aka haife ni?"

"Shi ne."

"To sannu, ɗan nan. Ka ga ni ma sai ran Laraba na ji ashe ba a haife ni ba. Ci abinci, irin na garin da babu ne."

Habu, wanda na kawo don ya taya ni, ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da irinsu ake zuwa yaƙi a dawo a kaɗai.

Alhaji ya jawo wani tsohon gwangwanin alewa ya buɗe. Ya miƙo mini hoto, ga shi yana saurayi da tiren koli a ka, teku a bayansa. A bayan hoton akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garin ɓaro-ɓaro. Ya ƙara mini da wata ambulan da ta yi ja don tsufa, ita ma hatimin gidan waya ya nuna sunan. Ya ce, "Bayan mun dawo gida da shekaru, sai hukumar can ta canja wa garin suna, ta sa masa Limbe. Ranar nan da ka danna yatsanka, a kan rufin ɗakina ka danna shi. Na so in gaya maka, amma ba ka bar mini ƙofa ba."

Na ce, "Baba, ku yafe mini. Wallahi ban san ku ba ne."

"Ai shi ya sa na je a keke," in ji shi. "Da ka san ni, da wa zan gani?"

Wannan maganar ta fi komai shiga jikina. Na tsura wa kifin nan ido, shi ma ya tsura mini nasa.

Can Alhaji ya ce, "Na tambayi liman, ya ce kana salla, ko da yake ya ce kwanan nan abin ya ƙaru ƙwarai. Na tambayi shugaban makarantarku, ya ce ba ka latti, ba ka dukan yara. Gardama kuwa ba sai na tambayi kowa ba. Gaskiya na dawo gida da niyyar in hana. Hajiya ce ta tuna mini wacece Saudatu. Yarinyar nan tun tana shekara huɗu ba a taɓa gama magana da ita ba. Muka ga gara a haɗa ku, ku ƙarata can, mu mu huta."

Na ɗago kai ban yarda da kunnena ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Amma a gaban jama'a ka ɗauke mini garina. A gaban jama'a za ka mayar mini da shi."

Ran Litinin bayan La'asar na ɗauki littafin na koma ƙofar shagon Habu, wannan karon a hankali nake tafiya. Majalisa ta cika fiye da kullum, don Habu ya riga ya yi shela. Alhaji ya zo a kekensa ya zauna a ƙarshen benci. Na buɗe shafin, na ce ni ne ban sani ba, Baba ya fi ni gaskiya, na sa biro na rubuta Biktoriya a gefen Limbe. Aka yi ta tafi kamar an rantsar da gwamna. Daga ranar sunana ya tashi daga Sarkin Gardama ya koma Ta Takwas, kuma har yau akwai masu kirana da shi a Gyaɗi-Gyaɗi, wasunsu ma ba su san dalili ba.

An ɗaura auren bayan Babbar Salla. Hasashen Hajiya bai faɗi ƙasa ba, don a gidana ban taɓa cin gardama ba ko sau ɗaya. Da na fara ɗaga yatsu zan yi lissafi, sai Saudatu ta ce cikin ladabi, "Malam, a ɗauko littafin ne?" Shi ke nan, sai in nemi ruwa in sha.

Littafin yana nan, da rubutun biron a jikinsa, kuma duk shekara ina nuna wa ɗalibaina. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Yanzu idan tsoho ya ce mini ya taɓa zama a wata Landan da ke bayan Wudil, ba na tashi neman taswira. Gyara zama nake yi in ce, "Allah sarki, Baba, yaya ruwan saman can?"