Ranar da Baturiya Ta Je Neman Aure

Duk wanda ya zauna a Funtuwa shekarun baya, in bai san Malam Barau Tsohon Akawu ba, to ya san Baturiya. Kada hankalinku ya tafi wani wuri, ba mace ba ce. Mota ce, baƙa wuluk, mai goshi da ƙugu, irin motocin Ingila na zamanin da, waɗanda in sun taho sai ka rantse alƙali ne ya fito cikin alkyabba. Malam Barau ya saye ta ne a hannun wani Baturen kamfanin auduga da zai koma ƙasarsu. Ya ce ranar rabuwa Baturen har hawaye ya yi. Waɗanda suka san motar daga baya sun ce hawayen farin ciki ne.

A ba ta haƙƙinta, tana da kyau. Kujerunta jar fata ce ta gaske, in ka zauna sai ka ji kamar an ba ka sarauta. Gaban direba katako ne mai sheƙi, kullum safiya Malam Barau sai ya goge shi da wani tsohon rawani da ya keɓe don wannan hidima. Ba ta da fitilar karya kwana irin ta motocin yanzu. Wani ɗan hannu ne ke fitowa daga gefenta, kamar yatsan mai neman izinin magana. Na dama yana fitowa da kansa, na hagu kuwa sai wanda ke zaune a baya ya ɗan doke shi daga ciki. Sitiyarinta a dama yake tun haihuwa. Da gwamnati ta canja hannun tuƙi kowa ya bi, Baturiya ta ce ita ba ta ji sanarwar ba. Don haka duk wanda ya zauna a gaba shi ne idon Malam Barau. In za a wuce babbar mota, shi zai leƙa ya ce "shiga", ko ya ce "innalillahi".

Likitanta ɗaya ne, Sallau bakanike. A kanta ya koyi aiki, a kanta ya yi aure, a kanta ya yi furfura. Kayan gyaranta sun ƙare a duniya tun tuni, sai Sallau ya koma yi mata dashe: belin fanka daga injin niƙa, famfon mai daga wata matacciyar tarakta, wayoyin wuta kuwa Allah kaɗai ya san asalinsu. Sallau yakan ce in an buɗe bonet ɗinta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke zama a ciki. Malam Barau sai ya shafa mata goshi ya ce, "Jinin dai na Ingila ne." Jinin nan kuwa ba ta rowarsa. Duk inda ta tsaya sai ta bar ɗigon baƙin mai a ƙasa. A unguwarmu ba a tambayar ina Malam Barau ya je, ƙasa ake dubawa.

Aibinta babba shi ne tashi. Makulli yana nan, ana murɗa shi don cika al'ada, amma ba shi ke tayar da ita ba. Da can akwai handul da ake zura mata ta gaba a juya, sai wata rana ya kufce ya raba Sallau da haƙoran gaba, aka yi masa ritaya. Abin da ya rage shi ne turi. Wannan ta sa babu gangaren da Malam Barau bai sani ba a garin nan. Masallacin da yake Juma'a a kan tudu yake, wanzaminsa a kan tudu, abokansa ma duk mutanen kan tudu ne. Ni kaina na san ba don kyan halina yake zuwa gidana ba, gangaren ƙofarmu ne babu irinsa a unguwar.

To ana nan sai maganar auren Mannir ta taso. Mannir ɗan ƙanen Malam Barau ne, uban ya rasu, don haka Malam Barau ne waliyyinsa. Malamin makaranta ne, yaron kirki, ya daidaita da Hindatu, wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Alhaji Nalado dillalin motoci a Bakori. Yaran sun gama magana tsakaninsu, saura uba. Shi kuwa Alhaji Nalado mutum ne da ke auna jama'a da abin hawansu. Kafin ya amsa sallamarka sai ya leƙa bayanka ya ga da me ka zo. Ga shi kuma an ce akwai wani ɗan kwangila da ya fara kai gaisuwa gidan cikin wata farar mota mai numfashi.

Ana gobe za mu tafi, Mannir ya zo ya durƙusa gaban baffansa, ina zaune.

"Baffa, na yi magana da wani abokina, zai ba da motarsa a kai ku."

"Motar aro?" in ji Malam Barau. "In je neman aure da kayan aro? Ranar da suka gane, ai sai su ce angon ma aro muka yi."

"Baffa, ba raini ba ne. Wallahi layin su Alhaji babu gangara."

Wannan magana ta shigi Malam Barau fiye da ta farko.

"Ko 'yar kaɗan?"

"Kamar faranti, Baffa."

Ya daɗe yana jan gemu, can sai fuskarsa ta washe. "Wannan mai sauƙi ne. Wanda bai kwanta ba ai ba a tashinsa. Ba zan kashe ta ba. Mu shiga, mu yi magana, mu fito, tana nan tana jiranmu a kunne."

Mannir ya dube ni, na dubi rufin zaure.

Washegari da hantsi muka kama hanya mu uku: Malam Barau a sitiyari, ni a gaba a matsayin ido, Liman Tukur na unguwarmu a baya, da ƙwaryar goro a cinya, shi ne kuma mai kula da hannun hagu. Ranar Baturiya ta yi abin kai. Ko tari ba ta yi ba har Bakori. Muka tsaya a ƙofar gidan Alhaji Nalado, tsakiyar motocinsa na sayarwa masu ƙyalli, ta zama kamar kaka a taron jikoki. Malam Barau ya ja burkin hannu, ya sa mata dutse a taya, ya raɗa mata wata magana da ban ji ba, muka bar ta tana gurnani.

Alhaji ya tare mu da ƙannensa biyu, ya ci farar shadda wadda sitaci ya sa take tsayuwa da kanta. Ya leƙa bayanmu kamar yadda ya saba, ya ga abin da ya gani, ya ce, "Ikon Allah. Bismillah, ku shigo."

Abin da Malam Barau bai sa a lissafi ba shi ne, neman aure ba a yinsa da gaggawa. Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi damina, aka koma kan gajiya. Ta taga muna jiyo Baturiya, gur-gur-gur, can ta yi tari ta ci gaba. Duk tarin da ta yi sai Malam Barau ya zabura kamar an tsikare shi da tsinke. Aka kawo fura, ba dama a ƙi. Aka kawo dambun nama. Malam Barau, mutumin da in ya fara jawabi sai an kira salla, ranar ya gabatar da buƙata cikin numfashi ɗaya, har Alhaji ya ce, "Na'am? A maimaita."

Aka maimaita. Sai aka ce Liman ya yi addu'a. Na taɓa ƙafar Liman don ya taƙaita, shi kuwa ya ɗauka ina nufin ya ƙara. Ya faro daga Annabi Adamu. Yana wajen zuriyar Annabi Nuhu sai muka ji gurnanin ya ɗauke ɗif. Malam Barau ya ce "amin" da ƙarfi a wurin da ba na amin ba.

Ana shafawa sai ga ƙaramin ƙanen Alhaji, wanda ya ɗan fita, ya shigo da fara'arsa, ya rusuna ya miƙa wa Malam Barau makulli da hannu biyu.

"Malam, kun manta mota a kunne, mai yana ta ƙonewa a banza. Na kashe muku."

Malam Barau ya karɓi makullin, ya dube shi, ya ce, "Allah ya saka da alheri," da irin muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya.

Amsar Alhaji kuwa ita ce, "To, mun ji. Za mu yi shawara." Duk wanda ya taɓa zuwa neman aure ya san wannan shawara, sau da yawa ba ta dawowa daga inda ta tafi.

Muka miƙe. Kun san Bahaushe da rakiya. Baƙo ba ya fita shi kaɗai, sai ka taka masa, in da mota ya zo ka tsaya har ta ɓace kana ɗaga hannu. Balle baƙin neman aure.

"Alhaji, ku koma daga nan, akwai rana," in ji Malam Barau tun daga bakin zaure.

"Haba Malam, ai sai mun ga tashinku."

"Wallahi mun yafe."

"Ku kun yafe, mu ba mu yafe wa kanmu ba."

Muka shiga mota. Malam Barau ya gyara zama, ya gyara madubi, ya gyara hula. Ya murɗa makulli. Baturiya ta ce "ƙyat", ta yi shiru. Ya leƙo ya ce a gaida mutanen gida. Alhaji ya ce za su ji. Ya sake murɗawa, wannan karon ko "ƙyat" ɗin ba ta ce ba. Ya leƙo ya tambayi Alhaji yaya kasuwa. Su Alhaji suna tsaye a rana, hannuwa a sama, an fara sallama an rasa yadda za a sauke. Su ba su koma ciki ba don kunya, mu ba mu tafi ba don dalili.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Malam Barau ya fito, ya cire dutsen taya, ya buɗe but, ya ɗauko wasu tsummoki wankakku a ninke, ya bi kowa ya ba shi ɗaya, har Alhaji.

"Na mene ne wannan, Malam?"

"A sa a tafin hannu, Alhaji, saboda fenti. Ita wannan tana da wata ɗabi'a. In ta zo gidan mutunci ba ta tafiya sai masu gida sun sa mata hannu. A kafaɗa ake kama ta, kada a danna but, yana loɓawa."

Wallahi ba ƙari, da idona na ga Alhaji Nalado, mai motoci jere a ƙofar gida, ya naɗe hannun babbar riga ya kama kafaɗar Baturiya. Ƙannensa suka kama, ni da Liman muka sauka muka kama. Motocin da kuwa ba gwangwani ba ne, ƙarfe ne na tsoron Allah. Muka tura har ƙarshen layi, ta yi atishawa ta yi shiru. Muka juyo da ita. Matan gida suka cika bakin ƙofa suna leƙe, ana ta ƙyaƙyata dariya a bayan mayafi. Malam Barau yana ciki a kan jar fata, gwiwar hannu a taga, yana ba da umarni.

"A ƙara wuta! Ɓangaren Alhaji ya yi sanyi!"

A zagaye na gaba, daidai ƙofar gidan, ya saki kuloci. Baturiya ta yi tsalle, ta saki wata ƙara kamar bindigar toka, har tantabarun unguwa suka watse, sannan ta tofa baƙin hayaƙi curi guda a kan farar shaddar Alhaji, tun daga ƙirji har gwiwa. Ta kama gurnani abinta kamar ba ita ba.

Alhaji ya tako da ƙyar, hula a karkace, ya dafa tagar direba da tsummansa yana haki. Ni dai na ce a raina, Mannir sai haƙuri.

"Malam Barau," in ji shi, "mu bar kunya, mu yi maganar Allah. Gidan da wannan ce motarsu, da me za su riƙe mini 'ya?"

Amsar da Alhaji ya samu ita ce ta sa bayan ƙaramar salla muka koma gidan nan ɗaurin aure, amma bisa sharaɗin a zo a motar haya. Malam Barau ya ɗan taka totur don kada ta mutu, ya dube shi ya ce:

"Alhaji, wannan da ka gani, ga ci, ga tari, ga yaji a tsakiyar titi, ba ta motsi sai an taru a kanta, amma sama da shekara talatin ko sau ɗaya ban yi mata zancen saki ba. To 'yarka da ke tashi da kanta ce za ta gagare mu riƙo?"