Soron Da Alhaji Sada Ya Hana A Taɓa

A duk faɗin ƙasar Kura ba a yi mai kishin tarihi kamar Alhaji Sada ba. Kwana biyu cur ya yi a wani taron bita a birni, ya dawo da takardar shaida da jakar ratayawa, ya naɗa kansa Garkuwan Gine-ginen Da. Mutanen gari ba sa son doguwar magana, sai suka taƙaita masa: Alhaji Kar-a-taɓa.

Abin da zai kare kuwa soron kakanninsa ne, ginin tubali da azara mai zankwaye huɗu, inda gwaggonsa Saliha take zaune. Kowace shekara kafin saukar ruwa, Baballe magini yakan yi wa soron sabon yaɓe, ya share indararo. Bana ya kafa tsani ke nan, sai ga Alhaji.

"Sauko, Baballe! Ƙasar bana a jikin ginin shekara ɗari huɗu? Gurɓata tarihi ke nan! Masana sun ce asalinsa ake so."

"Alhaji, ai yaɓen nan ne ya kawo shi yau."

"Kana da takarda?"

Baballe ba shi da takarda, sai shekara arba'in a kan tsani. Ya sauko. Ƙaramin sani, an ce, ƙuƙumi ne.

Ciyawa ta toshe indararo, Alhaji ya ce ita ma tarihi ce. Bango ya tsage, ya ɗauke shi hoto.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, ruwa fa yana ɗiga a shimfiɗata."

"Haƙuri, Gwaggo. Haka mutanen da suka kwana."

"Mutanen da suna da hankali," in ji ta. Ta kwashe kwanukanta ta koma wurin 'yarta a Garun Malam.

Shi dai ruwan Agusta bai halarci bita ba. Sati uku yana zuba. Wata Juma'a da hantsi soro ya durƙusa a hankali, kamar raƙumin da ya gaji.

Alhaji ya hau tulin ƙasar ya shiga jawabi a kan sakacin hukuma. Yana tsaka da shi manoma suka iso da amalanke, don kowa ya san babu takin da ya kai ƙasar tsohon gini. Gwaggo ce ta aiko musu su kwashe.

Da rani ya zo, tumatir ya yi kyan da aka daɗe ba a gani ba. Mai son ganin tarihin gidan su Alhaji sai ya tsaya a bakin titin Zariya. Kwando-kwando ake sayar da shi.